Kaset ɗin da Na Aika wa Inna

Tanti tana da doka guda wadda ba ta sassauta wa kowa: kaset, sai an saurare shi har maɓallin rediyo ya tashi da kansa. Ko magana ta ƙare, ko ba abin da ya rage sai shuuu na banza, a zauna a jira. Sau biyu na karya dokar nan cikin wata biyu, kuma abin da ya biyo baya shi nake son rubutawa.

A Damagaram aka haife ni, aka yanka rago, aka raɗa mini sunan namiji. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na gama koleji. Bayan rasuwar Baba, amininsa, wani Alhaji mai kasuwar shadda da atamfa a Paris, ya ɗauko ni in riƙa rubuta masa takardun Faransanci ina amsa masa tarho. Da rana ina butik, wato kantin Alhaji, cikin riga da wando, ana kirana da sunan da aka raɗa mini, ina amsawa. Da yamma in shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa Saint-Denis, in hau bene hawa shida, in kulle ƙofar ɗakina in ɗaura zane. Tun ina ƙarama na san ni mace ce. Da a gida ne sai a ce ɗan daudu a wuce wurin. Kalmar ba ta taɓa zauna mini daidai ba, amma ba ni da wata da zan ba kowa.

Fuska ba ta ba ni wahala sosai ba, ga ni siririya, gemuna kuma bai taɓa yin ƙarfi ba. Murya ce ta tona ni. Ranar wata Lahadi na yi ƙarfin hali na fita da zane da kallabi zuwa wurin mai burodi a wata unguwa da ba a san ni ba. Matar ta dube ni da fara'a ta ce, "Et pour madame?" wato me za a ba uwargida. Na buɗe baki na ce burodi ɗaya. Fara'ar ce kawai ta sauka daga fuskarta, ta ajiye burodin a kan tebur maimakon ta miƙo mini. Na yi wata uku ban sake fita da zane ba.

Wata mai kitso a unguwar Château-Rouge ce ta ba ni lambar Tanti. Tanti 'yar Tawa ce, tela ce a Lyon, a unguwar Guillotière. Ita ma sunan namiji aka raɗa mata, amma shekara goma sha biyar ke nan tana zaune a matsayin mace, kuma duk layinsu ba mai kiranta sai da madame. Mu huɗu ne muke koyon murya a hannunta, kowa da garin da take. Ba ta karɓar ko sisi. Yadda ake yi shi ne ki ɗauki muryarki a kaset, ki karanta jarida, ki yi kamar kina ciniki, ki yi kamar kina tambayar hanya, sai ki sa a ambulan ki kai gidan waya. Ita kuma ta saurara tana ɗinki, ta ɗauki nata hukuncin a ɗaya gefen ta mayar miki. Wani lokaci ranar Lahadi mu taru a ɗakinta na ɗinki, a sa kaset ɗin kowa a gaban kowa.

Ranar da na fara zuwa na tambaye ta dalilin zaman jiran kaset bayan magana ta ƙare. Ta ce, "Inda kika zaci kin gama, nan kike sakin jiki. Ki yi tari, ki yi tsaki, ki zagi maƙwabci. Ni can nake jiranki."

Kaset ɗina na farko, da aka sa shi, wata 'yar Chadi da ke cikinmu, doguwa mai baki, ta kwanta a kan tarin atamfa tana dariya.

Ta ce, "Tanti, wa ya taka ɓera?"

"Ke rufa mana baki. Naki na farko kamar babur ɗin da ya ƙi tashi." Tanti ta juyo gare ni. "Amma gaskiyarta, ma chérie. Kin haye sama kamar an biyo ki. Ba tsayi ake nema ba. Kawo hannunki."

Ta ɗora tafina a ƙirjina ta ce in yi magana. Na ji ƙirjin yana rawa a ƙarƙashin hannuna. Ta ɗauki hannun ta ɗora a nata ƙirjin ta yi magana, na ji shiru. Ta mayar da yatsuna gefen hancinta, nan na ji rawar.

"Daga nan za ki kwaso ta ki kawo nan. Kaya ne, a hankali ake tashinsu. Rufe baki ki ce mmm har leɓenki ya yi ƙaiƙayi."

Haka na yi wata bakwai. Bangon ɗakina siriri ne, ina jin maƙwabcina in yana wanke kofi, don haka nakan shiga cikin bargo da rediyon, in yi ta mmm har gumi ya jiƙa ni. Ina shan zuma da citta. Jarrabawarmu ita ce kabin na tarho a bakin titi: ki kira wani kanti da ba ki sani ba, ki tambayi ƙarfe nawa suke rufewa, ki ji da me za su kira ki. Na sha monsieur, kiran da ake yi wa namiji, har na daina ƙirgawa. Ranar da wani mai sayar da takalma ya ce mini, "À dix-neuf heures, madame," wato ƙarfe bakwai na yamma, uwargida, na ajiye kan tarhon na tsaya cikin kabin ina kallon ƙafafuna, har wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilas da laimarta.

Abu biyu ne suka ƙi gyaruwa. Na farko gyaran murya. Baba yana da nasa da yake yi a zaure kafin ya shigo gida, don mata su kintsa: sau biyu, na biyun gajere. Ban san na ɗauke shi ba sai da Tanti ta yi ta mayar da kaset baya tana sa mini.

"Ji. Ji kuma. Ga yarinya tana karanta jarida lafiya lau, sai ga maigida ya shigo. Wane ne wannan?"

Na ce Baba ne.

"Allah ya jiƙansa. Amma ki ce masa ya jira a waje."

Na biyu, Hausa. Duk wahalar da na sha da Faransanci na sha ta. Da na juya harshe zuwa Hausa sai muryar ta zame ta koma ƙirji, kamar ta san hanyar gida. 'Yar Chadi ta ce ni madame ce a Paris, malam a Damagaram. Tanti ba ta yi dariya ba. Ta ba ni aiki: in ɗauki gaisuwa, cikakkiya irin ta gida, kamar ina durƙushe gaban wata babba da nake jin nauyinta, in yi ta maimaitawa har kaset ya cika.

Ba ni da wata babba da nake jin nauyinta sama da mahaifiyata. Ranar wata Asabar da la'asar na shiga bargo na fara. "Inna, ina wuni. Ina gajiya. Yaya gida, yaya jiki, yaya ƙafar." In tsaya, in gyara murya, in sake. Na yi ta yi har gefen kaset ɗin ya kusa cika, muryata ta dishe. Da na mayar baya na ji farkonsa sai kunya ta rufe ni, ban san ko ta mece ce ba. Ban aika wa Tanti ba. Na jefa shi cikin akwatin tebur tare da sauran, ko rubutu ban yi masa ba.

Inna ba ta karatu, saboda haka wasiƙarmu kaset ce. Duk wata biyu Alhaji yakan tafi gida, sai in ba shi nawa ya kai, ya dawo mini da nasu. A gidanmu kuwa kaset daga Faransa ba na mutum ɗaya ba ne. Ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan azahar, Baffa, ƙanen mahaifina, ya zauna a kujera, Gwaggo da Yayata da maƙwabta su kewaye rediyo. Ina yi musu magana da tsohuwar muryata, har ina ƙara mata nauyi don a ji na zama mutum.

Wannan karon Alhaji ya matso da tafiyarsa. Da safe ya ce mini gobe da asuba zai kama hanyar filin jirgi, in kawo saƙona kafin a rufe butik. Na roƙi awa biyu, na koma Saint-Denis a guje, na buɗe akwatin tebur na ɗauki kaset ɗin da na ga ba rubutu a kansa. Na mayar da shi farko na danna jan maɓallin ɗauka. Na gaida kowa da sunansa, na ba da labarin sanyi da tsadar nama, na ce a gaida Inna da ƙafa. Minti goma duka. Na kashe, na cire, na rubuta sunan Inna a kai. Ban saurara ba. Abin da na ɗauka ya goge minti goman farko ne kawai na abin da ke ciki.

Ban farga ba sai bayan kwana tara, da Tanti ta kira ni a butik lokacin da ba kowa ta ce ina aikin da ta ba ni. Da yamma na zazzage akwatin tebur a kan gado. Na sa kowane kaset ɗaya bayan ɗaya. Babu shi. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofa. Ban gaya wa Tanti ba. Na ce mata mura ce ta hana ni.

Sati biyar na yi ina jiran Alhaji. Na rame har masu zuwa sari suna tambaya ko lafiya. Na shirya a raina yadda zai shigo, ba zai amsa gaisuwata ba, zai ce in tattara kayana. Na ma duba kuɗin jirgin ƙasa zuwa Lyon.

Ya shigo ranar wata Laraba yana murmushi har kunne. Muka gaisa, na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida. Ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Kai, ashe haka kake. Kullum kai a ƙasa kamar na Allah, ashe ka iya ɓoye abu."

Ya matso da kujerarsa ya ci gaba.

"Gwaggonka ta tare ni tun daga zaure. Wai 'yar wace ƙasa ce, wai na taɓa ganinta? Na ce ni ban san komai ba, ni da nake tare da shi kullum. An ce ta gaida tsohuwa ta sake gaishe ta, kunya ta hana ta wuce gaisuwa. To madalla. Irin wannan ake nema, ba waɗannan masu sigari ba." Ya ciro kaset daga aljihu ya miƙo mini. "Ga amsarka. In kana da saƙo, ƙanena zai tafi ranar Asabar."

Da na koma ɗaki ban ko cire takalmi ba na sa shi. Baffa ne ya fara, da addu'a da gaisuwa. Sai ya ce sun ji abin da na sa musu a bayan saƙona, sun gane nufina, kuma wannan dabara ce ta yaran zamani amma ba laifi. Yana son sanin iyayenta, da garinsu, da ko tana salla. Yayata ta karɓa tana dariya, ta ce muryar amarya kamar ana zuba nono a ƙwarya, ta ce in gaya mata ta saki jiki, Inna ba ta cizo. Aka ce Inna ta yi magana. Ta ce, "Mun ji gaisuwa. Allah ya yi albarka." Shi ke nan abin da ta ce. Sai Gwaggo ta rangaɗa guɗa, mata suka ɗauka.

A tsakiyar guɗar na kashe rediyon.

Zan faɗi gaskiya, tun da ita na zauna rubutawa. Abin da na fara ji daɗi ne. Gidanmu gaba ɗaya, mutanen da suka yi mini wanka ina jaririya, sun ji ni da Hausa sun ce mace ce. Daɗin bai kai minti ɗaya ba tsoro ya danne shi. Za su nemi suna. Za su ce a aiko da hoto. Alhaji zai ce in kawo ta butik ta gaishe shi. Sai na ga ba ni da mafita sai in kashe yarinyar nan tun kafin ta yi ƙafa.

Washegari na sayi kaset, na zauna a bakin gado, na saukar da muryata can ƙasa inda Tanti ta yi wata bakwai tana fito da ni. Na ce Baffa ya yi haƙuri, kuskure aka yi. Na ce wata maƙwabciyata ce ta ari rediyona tana wasa da shi. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma na ji kamar bai isa ba, kamar za su ce to ai maƙwabciyar ma ta yi. Sai na ƙara. Na ce ba irin matar da ake kaiwa gida ba ce. Na ce ba ta da kamun kai, kowa a benen ya san ta, gaisuwar ma izgili take yi. Na ce, "Inna, wallahi tallahi ba abin da ya haɗa ni da ita. Ko sunanta na gaskiya ban sani ba." Sau uku na rantse. Ranar Juma'a bayan masallaci na ba ƙanen Alhaji.

Ranar Lahadi na shiga jirgin safe zuwa Lyon, kaset ɗin gida yana cikin jakata. A banɗakin jirgi na sauya kaya kamar yadda na saba. Na tarar da Tanti da 'yar Chadi su biyu, sauran ba su zo ba. Tanti tana datsa wuyan wata riga, almakashi a hannu. Na gaishe ta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan muryar daga wace rijiya kika jawo ta? Zauna. Me ya faru?"

Na faɗa musu duka, har rantsuwar. 'Yar Chadi ta fara dariya wajen guɗar Gwaggo, ta ce a ba ta anko, amma da na kai ƙarshe dariyar ta ɗauke. Tanti ta ajiye almakashi ta miƙo hannu. Na ba ta kaset ɗin ta sa a rediyonta. Muka ji Baffa, muka ji Yaya, muka ji Inna, muka ji guɗa. Na miƙa hannu zan kashe.

Ta buge hannun. "Ya tashi?"

"Tanti, sun gama. Guɗa ce kawai."

"Na ce maɓallin ya tashi?"

Guɗar ta ƙare. Baffa ya yi addu'ar rufewa aka shafa. Aka ji ƙas. Sai shuuu. Muka zauna. 'Yar Chadi tana wasa da zare a yatsa. A ƙasa wata mota ta wuce. Ya kai minti biyar, har na fara jin haushin Tanti da dokarta. Sai aka sake jin ƙas, da kukan kaza, da ƙarar ƙofar kwano da na sani tun ina rarrafe.

"Ya kama?" Muryar Inna ce, kusa da rediyon sosai, tana numfashi a kansa. "Jan ne na ga yayarka tana dannawa. To. Sun tafi gidan suna, na ce ƙafa ta hana ni."

Ta sassauta murya.

"Kai ne. Da farko ni ma na ce yarinya ce, har na gyara zama. Sai aka yi gyaran murya. Shekara ashirin da bakwai ina jin wannan daga zaure, sau biyu, na biyun gajere. Mutum biyu ne suke yinsa a duniya, ɗaya yana kabari."

Na ji Tanti ta kama wuyan hannuna.

"Ban gaya wa kowa ba. Na bar su suna guɗarsu. Kaset ɗin na ce musu ya tsinke, yana ƙarƙashin kwanukana. Ba zan ce maka na gane ba, don ban gane ba. Ban kuma ce na yarda ba. Kwana huɗu tuwo bai wuce mini ba. Amma na saurara ni kaɗai har ƙarshe, na ji yadda ake ta maimaitawa har murya ta dishe. Mutum ba ya wahalar da kansa haka don wasa."

Kazar ta sake kuka, Inna ta kore ta.

"Abu ɗaya na roƙe ka. Su Baffanka ka bar ni da su, na san yadda zan kwantar da maganar a hankali. Kai dai ka yi shiru. Kada ka ƙirƙiro mini wani labari. Tun kana ƙarami ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, ko ranar da ka fasa tulu kai ka zo ka faɗa. Kada ka fara yanzu. In kana da magana da ni, ka bar ta can ƙarshe. Su da labari ya ƙare suke tashi. Ni ce mai zama."

Na zaci ta gama. Sai ta ɗan yi tari ta ce, "An gaishe ni ban san sau nawa ba, ban amsa ba. To, lafiya lau na wuni. Gajiya ta bi lafiya. Gida lafiya. Ƙafar da sauƙi. Ka sha zuma, maƙogwaron nan ya ji jiki."

Aka ji tana laluben maɓalli. Bayan nan ba komai, har kaset ya kai ƙarshe ya tashi da kansa.

Can 'yar Chadi ta ce, a hankali, irin yadda ban taɓa jin ta yi magana ba, "Yaushe mutumin ya tafi?"

"Jiya."

"Ba a iya kiransa?"

Na girgiza kai. Gidanmu ba tarho. In na kira gidan waya na garinmu, Baffa za a aika a kira. In ce masa me? Na zauna ina lissafin kwanaki ba da sona ba. Yau yana Yamai. Jibi ko gata yana Damagaram. Za a shimfiɗa tabarma bayan azahar. Inna za ta zauna ta miƙe ƙafarta mai ciwo, a gaban Baffa da Gwaggo da maƙwabta, ta ji ɗan da ta ce bai taɓa yi mata ƙarya ba yana rantsuwa da Allah sau uku. Ita kaɗai a wurin za ta san wace ce matar da nake cewa ba ta da kamun kai. Kuma za ta ɗauka na ji roƙonta ne na amsa mata da wannan.

Na tashi na shiga banɗaki na yi amai. Da na fito Tanti ta zuba mini ruwan zafi da zuma. Ba ta rarrashe ni ba, ba halinta ba ne.

Ta ce, "Kin yi abin kunya. Ba zan ce miki ba ki yi ba. Tsoro ne ya sa ki, na sani, ni ma na yi wanda ya fi wannan, amma ni uwata ba ta bar mini komai a ƙarshen kaset ba." Ta ɗauki almakashinta ta sake ajiyewa. "Batun aiki kuwa, Hausarki ta zauna. Gwaggonki ta yi guɗa, ni ba ni da abin ƙarawa. Gyaran muryar nan da na ce ki daina, na janye. Kada ki taɓa shi."

Ta buɗe akwati ta ciro sabon kaset cikin ledarsa, ta ajiye a gabana, ta ja 'yar Chadi suka tafi kasuwa.

Na yi wa mutanen gida minti goma da tsohuwar murya: gaisuwa, sanyi, kasuwa. Ban ambaci kowace yarinya ba. Sai na bar kaset ɗin yana juyawa a ɗakin da ba kowa, ina kallon agogon Tanti, minti goma sha biyar. Sannan na matso. Na yi gyaran murya, sau biyu. Na ɗora hannu a ƙirjina don in tabbata ba ya rawa.

Na ce, "Inna, ina wuni." Na ce na yi mata ƙarya, na kuma rantse a kai, kuma na yi hakan ne tun kafin in ji saƙonta, don ban saurara har ƙarshe ba. Na ce matar da na zaga ni ce. Na so in ƙara wani abu amma muryar ta fara karyewa, kuma ban so ta koma ƙasa a gabanta ba. Na ce ta yafe mini. Na zauna har maɓallin ya tashi, na mayar baya na saurare shi duka, har shirun.

Ba wanda zai tafi gida sai Alhaji, shi kuma sai bayan sati shida. Ban yarda in sa a gidan waya ba, don Baffa ne mai karɓar wasiƙu, yana iya saurara shi kaɗai a shagonsa har ƙarshe. Sati shida Inna tana riƙe da rantsuwata, ni ina riƙe da kaset a akwatin tebur, wannan karon da rubutu a kansa. Ban iya zuwa kabin in yi jarrabawa ko sau ɗaya ba. In na shiga bargo na buɗe baki sai in ji abin da na faɗa a kan matar nan, in rufe.

Alhaji ya tafi da shi yau kwana goma sha tara. Da zai karɓa ya ce ya ji labarin maƙwabciyar, Allah ya raba mu da irinsu, na yi kyau da na faɗi gaskiya. Na ce amin.

Ina tsaron butik ni kaɗai. Jiya tarho ya yi ƙara da rana, ba kowa a ciki, na ɗauka na ce allô ban shirya ba. Wani mai kawo kaya ne daga Marseille. Ya ce, "Bonjour madame," yana neman Alhaji. Na ce ya yi tafiya, sai ƙarshen wata. Na rubuta saƙonsa a takarda, na ajiye kan tarhon, na koma na ci gaba da ninke shadda.